Mai Raɗa na Cikin Kwamfuta

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, ku ara mini kunne. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba tatsuniya ba ce, don a gidana anka yi ta, a unguwar Mabera, da rana tsaka, ina zaune bisa tabarmata ina kallo. Ni ban taɓa zama aji ba. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, ni ke riƙe da maganar, kuma na ce mata kada ta gyara mini ko ɗaya.

Ɗana na fari ba na faɗin sunansa, ba na kuma duban idonsa in yi masa magana. Haka munka tarar, haka uwata ta yi da wanmu a Ƙofar Taramniya har ta koma ga Allah. Don haka zan kira shi da abin da mutanen ofis ke kiransa, Yallaɓai. Ya shiga aikin gwamnati a shekarun da kuɗin mai sunka ɓarke, lokacin da firji ya riga wutar lantarki isowa gidanmu, muna jera zannuwa a cikinsa don kada ɓera ya ci. A ofis ɗin nan ya koyo wata irin magana wadda ba a kama mai ita. Ba ya cewa na yi, sai an yi. Ba ya cewa ban sani ba, sai ana duba lamarin. Ko matarsa ta tambaye shi tuwo za a yi ko shinkafa, sai ya ce a yi abin da ya dace. Soja sunka hau, sunka sauka, wasu sunka hau, shi yana nan yana duba lamarin, har ranar da wasu sojan sunka duba nasa lamarin sunka sallame shi. Ya dawo gida da jakar hannu da tarin biro a aljihu, babu wanda zai sa wa hannu.

A wannan tsakanin ne ƙanensa, mai sayar da hatsi a kasuwa, ya kwanta da zazzaɓi bai tashi ba. Ya bar mata da 'ya'ya biyu: yarinya da ta fara haɗa magana, da namiji a goye. Da matar ta fita takaba, ubanta ya zo daga Yawuri, ya zauna bakin ƙofar ɗakina, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce:

“Hajiya, ba don ƙeta zan raba ki da jikokinki ba. Amma ba zan bar ɗiyata zaune tana jiran a miƙo mata sabulu ba. In tana da sana'ar da ta riƙe ta a nan, ta zauna. In babu, bayan Babbar Salla ina aiko mota, ita da yaran, don sun yi ƙanƙanta a raba su da uwa.”

Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Amma yaran nan su ne abin da ya rage mini na marigayi. Yarinyar, in ta yi dariya, haƙoran ubanta ne. A ɗakina take kwana, ƙafarta bisa cikina.

Yallaɓai ya ji wannan magana, ya ce an samu mafita. Da abin sallamarsa ya sayo kwamfuta, lokacin ko a birni ba kowa ya taɓa ganinta ba. Ya ce ɗaliban jami'a na neman mai buga musu aikin ƙarshen karatu. Wani ɗan'uwanmu mai shago a Kwalkwalawa, kusa da jami'a, zai riƙa tara takardun yana aikowa, surukata matar marigayi ta buga a cikin gida, tunda ta yi makaranta har aji uku na sakandare kuma ta koyi tafireta kafin aure. In ta iya, aikin nata ne. In ba ta iya ba, a kai na'urar shago a ɗauki wani. Anka aje ta a ɗakin marigayi, bisa teburin da yake auna hatsi, anka rufe ta da mayafin leshi kamar amarya.

Ni dai abin da na gani, gilashi ne kamar na talabijin, da allon haruffa, da wani ɗan dunƙule mai wutsiya da ake turawa bisa tebur, in an tura shi wata 'yar kibiya ta yi yawo a gilashin. A saman wurin da ake rubutun akwai 'yan zane-zane jere, ƙanana kamar ƙwayar wake: ga almakashi, ga takarda biyu, ga buroshi, ga wata kibiya lanƙwasasshiya, ga wasu da ko mai su bai san kamar mi sunka yi ba. Kowane da aikinsa, kuma babu wanda anka rubuta wa suna.

Sai dai akwai wani abu. In ta kai kibiyar kan zane ta tsaya, ba ta danna ba, ta ɗan yi haƙuri, sai wani ɗan akwati rawaya ya ɓullo a gefe da kalma ɗaya ko biyu, ya faɗa mata aikin zanen. In ta matsa, ya ɓace. Ranar da ta gano shi ta kira ni da murya ƙasa-ƙasa.

“Inna, zo ki gani. Raɗa yake mini.”

Daga nan munka sa masa suna mai raɗa. Turancinta ba shi da yawa, amma kalma biyu ba ta fi ƙarfinta ba. Ku gane abin da ya sa ɗan akwatin nan ya zame mata komai. Yallaɓai wan mijinta ne. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta ɗaga kai in yana magana, balle ta ce masa ban gane ba, maimaita. Da ƙanen miji ne, da ta ja rigarsa tana zolaya har ya koya mata. Amma wan miji? A gidan nan kaf, mai raɗa kaɗai take iya yi wa tambaya ɗaya sau goma bai gaji ba, ita kuma ba ta ji kunya ba. Hannunta ya fara sakewa. Ina jin ƙarar haruffan nan kamar ana tsintar tsakuwa a shinkafa, ina cewa a raina, yaran nan sun zauna.

To, wata safiya Yallaɓai ya shigo da mutumin da ya sayar masa da na'urar, don ya haɗa injin fitar da takarda. Anka ce mata su shige ɗaka, ni na zauna, tsohuwa ba a korar ta. Yallaɓai ya kama dunƙulen nan da yatsa biyu kamar mai ɗaukar mataccen ƙadangare, kibiya ta tsaya kan almakashi, mai raɗa ya ɓullo.

“Wannan fa mene ne yake tsalle a gaban mutum?”

“Na masu koyo ne, ranka ya daɗe. Yana faɗa musu aikin kowane abu.”

“Masu koyo? Nan wurin ƙwararru ne. In ɗalibi ya ga wannan sai ya ce ba mu san aikinmu ba. A cire.”

Mutumin ya danna nan, ya danna can, kafin in gyara zama an gama. Yallaɓai ma ba ya kallo, yana gyara hularsa a gilashin taga. Mutumin ya koma Legas inda ya fito. Littafin Turancin da ya zo da na'urar kuwa, mai kauri kamar tubali, Yallaɓai ya sa shi a jakarsa ya kulle, ya ce ba na kowa da kowa ba ne, shi zai rubuta wanda ya dace da gida.

Ya kuwa rubuta. Ya sa masa bango shuɗi, ya buga hatiminsa na tsohon ofis a gaba. Surukata ta karanta mini shi tun daga fari har ƙarshe. Akwai shafi kan wanke hannu. Akwai shafi kan hana yara da awaki shiga. Akwai tarihin yadda Yallaɓai ya yi tunanin sayen na'urar. Game da mai raɗa kuwa, layi ɗaya ne, kuma har gobe yana kaina: “An daidaita bayyanar ƙananan bayanai yadda ya dace. Kada a taɓa.”

Yadda ya dace! Wa ya dace da shi?

Ta koma aiki a makance. Zanen da ta riga ta haddace tana dannawa, wanda ba ta haddace ba tana kewaye shi kamar rijiya. Aikin yini ya koma na kwana da kwanaki. Sai ranar da wata ɗaliba ta zo da kanta, 'yar gayu mai tabarau, ta tsaya a kanta tana cewa a ɗauko wancan babin a maimaita shi a gaba. Surukata ta shafa babin duka ya yi baƙi, maimakon takarda biyu ta danna almakashi. Gilashi ya yi fari fat.

“Anti, ina babi na uku?”

“Yanzu yana nan.”

“Na san yanzu yana nan. Yanzun nan fa ina yake? Jibi zan kai wa malamina!”

Surukata ta rasa abin yi, ta kashe na'urar ta kunna, ko zai dawo. Bai dawo ba. Ɗalibar ta kwashe takardunta ta fita tana faɗa har titi. Labari ya kai Kwalkwalawa kafin la'asar, takardun da ake aikowa sunka ragu. Yallaɓai ya aiko da sanarwa ta bakin matarsa cewa duk wanda ya taɓa abin da ba ya cikin littafi, alhakin na wuyansa.

Da yamma ta zo ta durƙusa gabana, goyon na barci a bayanta.

“Inna, da mai raɗa na nan da ban yi wannan ba. Ni ba na son komai, a gaya mini inda anka kai shi da yadda ake maido shi.”

Tambaya ce ƙarama, ko? To ku ji hanyar da ta bi. Ita ba ta iya yi masa. Ni ba na iya yi masa. Na jira ɗiyata ta zo ganin gida daga gidan mijinta, na gaya mata. Ita kuma tana shakkar Yayanta, ta gaya wa matarsa. Matar ta jira ya ci ya ƙoshi, ta gaya masa. Tambayar ta tashi daga bakinmu tana cewa ina anka kai ɗan akwatin, ta isa kunnensa tana cewa mutanen cikin gida sun ce littafinka ba shi da kai.

Ya yi kwana biyu ba ya amsa sallamar kowa da kyau. A rana ta uku ya kafa kwamiti.

Eh, kwamiti, a zauren gidana, don layi ɗaya. Shi ne shugaba. Na biyu wani Alhaji abokinsa da anka sallame su tare, mutumin da ba ya buɗe baki sai ya ce bisa ga tsari. Na uku maƙwabcinmu ne, Malamin Turanci a sakandare, Kirista daga ƙasar Filato, mun daɗe katanga ɗaya, matarsa na aiko mana da shinkafar Kirsimeti muna aika musu da naman layya. Suna zama bayan la'asar. Shayi daga madafata, tsire daga bakin titi. Ni kuwa ina jawo kujerata bayan ƙofar zaure ina tsinke zogale ina ji.

Malamin ne ya fara cewa, “Yallaɓai, ni fa ban taɓa ganin abin nan da muke bayani ba. Yaya kamarsa?”

“Abu ne na fasaha.”

“Na ji. Amma zagaye yake ko mai kusurwa?”

Alhaji ya ce, “Malam, kada ka mai da mu baya. Bisa ga tsari, da take ake farawa.”

Sunka yi zama guda kan take. Sunka yi wani kan ko a sa gabatarwa. Malamin ya sake cewa, “Da mun leƙa na'urar mun gani da ido fa?” Yallaɓai ya yi gyaran murya ya ce na'urar na cikin gida, kuma Malam ya san al'adarmu. Haka maza uku masu furfura sunka zauna suna bayanin abin da biyu ba su taɓa gani ba, na ukun kuma yana gyara hula lokacin da anka kashe shi. Ko da wasa Yallaɓai bai ce musu ban san inda mutumin ya danna ba. Wannan kalma ba ta cikin bakinsa tun shekarun mai.

Watan Salla ya kama, sunka fito da gyara. Layi ɗaya ya haifi shafi guda. Anka shigo da shi bisa faranti. Surukata ta karanta mini a hankali: cewa wannan saiti shi ne ke kula da bayyanar bayanan taimako, cewa bayanan taimako bayanai ne da ke taimakawa, cewa ana iya sauya saitin idan buƙata ta taso, bisa izinin shugaba, cewa kwamiti na godiya ga duk waɗanda sunka ba da haɗin kai.

Na ce, “Ya faɗi inda abin yake?”

“A'a, Inna.”

“Ya faɗi mi za a taɓa?”

“A'a.”

“Ya faɗi mi za ki gani in kin taɓa?”

“Bai faɗa ba.”

“To mi ya faɗa?”

“Ya ce ana iya sauyawa.”

Ko maƙwabciya ka tambaya yadda ake miyar sure, za ta ce ki samo kaza, ki zuba kaza, in kin ga ta yi kaza ki sauke. Tsohuwar da ba ta san alif ba ta san wannan. Amma an tara shekaru ana biyan mutum albashi don ya manta shi.

Washegari Yallaɓai ya shigo gaishe ni, ya tsuguna nesa kamar yadda ya saba. Akuyata na ɗaure a turke kusa da shi. Na dubi akuyar na ce:

“Ke kam kin huta. In an ce miki ga dusa, ana nuna miki kwanon. Ba a rubuto miki cewa an daidaita dusa yadda ya dace.”

Ya shafa gemu, ya ce wa ƙasa, “Inna, ana duba lamarin.”

A ranar na ɗauki mayafina. Da kwamiti ya zauna, na tsaya a bakin ƙofar zaure, na ba ɗana baya, na yi sallama ga Malamin, don shi ba ɗana ba ne, ina iya yi masa magana.

“Malam, ina wuni. Yaya uwargida?”

Ya miƙe tsaye da kofi a hannu. “Lafiya lau, Mama.”

“Malam, in rijiya ta rushe, mai haƙa na shiga gidan nan. In waya ta ƙone, mai gyaran wuta na shiga. Mata su shige ɗaka, ya yi aikinsa ya fita. Ni ce babba a gidan ga, na ba ka izini. Ka karɓi littafin nan mai kauri wurin abokinka, ka shigo ka nemo mana abin da anka ɓoye. Salla ta matso, kuma ka san abin da ke bayan Salla.”

Ya sani, matarsa ta gaya masa. Ya dubi Yallaɓai. Abin da ɗana yake tsoro na san shi: kada a gano a cikin gida, mata na leƙe ta labule, cewa bai san komai ba. A zaure, cikin maza, ko mi anka gano zai iya cewa dama haka ya faɗa.

“Ba sai an wahalar da Malam ba,” in ji shi. “A fito da na'urar. Na yini ɗaya ne.”

Malami mai karatu bai shiga ba, amma 'yan dako biyu sun shiga da ƙafafunsu duk laka. Sunka kwashe ta, anka jawo waya ta taga. Kafin a kunna, zaure ya cika, har da masu dawowa daga masallaci. Kada ku ce Malamin gwani ne. Shi ma lalube ya yi. Littafin na bisa gwiwarsa, yana lasar yatsa yana juya shafi, ya danna nan rubutu ya yi girma kamar na allon talla, ya danna can komai ya karkace, gumi na zuba, wuta ta ɗauke anka jira ta dawo. Bambancinsa da su ɗaya ne, in bai gane ba yana cewa ban gane ba. Can gab da magariba ya ce, “Ah, to ga shi.” Ya kai kibiya kan almakashi ya tsaya. Mai raɗa ya ɓullo.

Zaure ya ɗauki ikon Allah, ikon Allah. Malamin ya matsa kan kibiyar nan lanƙwasasshiya ya karanta, sannan ya ce da ƙarfi don na ji, “Wannan kuma shi ke maido abin da anka goge bisa kuskure.” Ashe babin ɗalibar nan dannawa ɗaya ce tsakaninsa da dawowa. Surukata na bayana, na ji ta ja numfashi.

Yallaɓai ya ce, “Kamar dai yadda na rubuta.”

Malamin ya yagi takarda ya rubuta da Hausa, ya karanta a fili: “Ki je kalmar da ke sama mai nufin kayan aiki, ki danna, ki zaɓi ta can ƙasa. Za ki ga ɗan gida fanko kusa da inda aka ce a nuna bayani. Ki danna shi har alama ta fito a ciki. In akwai alama, ɗan akwatin zai riƙa fitowa duk inda kika tsai da kibiya. In babu, ba ya fitowa. Kunna shi ko kashe shi ba ya ɓata komai.” Ni da ban san boko ba, da za a ba ni dunƙulen nan da na gwada.

Alhaji ya ce bisa ga tsari ba a fitar da takarda haka tsirara. Yallaɓai ya karɓa, ya rubuta take a sama, ya sa an amince a ƙasa, ya sa hannu, ya buga hatimi. Anka shigo mana da ita bisa faranti. Munka karanta munka sake karantawa. Na ce to, gobe na'ura ta dawo.

Gobe ta yi, anka ce wasu manya za su zo gani. Jibi anka ce waya ta riga ta zauna, a bari tukuna. Ina leƙawa ina ganinsa zaune gaban gilashin, babbar riga har ƙasa, mutane a kewaye, yana kai kibiya kan zane yana jira, mai raɗa ya faɗa masa, shi kuma ya juyo ya faɗa wa jama'a da muryar ofis kamar daga kansa ya ciro. Abin masu koyo! Tunda anka sallame shi bai samu masu saurare irin na kwanakin nan ba, kuma ba shi da niyyar mai da su cikin gida inda ba mai ganinsa. Na sake aika magana ta doguwar hanyar nan, amsa ta dawo:

“Ai ba a hana ta aiki ba. Zaure a buɗe yake.”

Matar ƙanensa, mai goyo, ta zauna a zaure tsakiyar abokansa tana buga rubutu! Ya san ba za ta yi ba, ya san ubanta ba zai yarda ba, ya san ni ma ba zan yarda ba. Amma ba a hana ta ba. Haka ake rubutu a ofis. Da na'ura na ciki, bayani na waje. Da bayani ya shigo, na'ura ta fita.

Anka yi Salla, anka ci nama. Naman bai gama bushewa a igiya ba motar Yawuri ta tsaya a ƙofar gida. Surukata ta ɗaure kayanta ba ta yi kuka ba. Ta kawo mini takardar nan ta ce, “Inna, bayanin ya yi kyau. Da da shi anka fara.” Na karɓa na yage saman mai take da ƙasan mai hatimi na jefa a murhu, na miƙa mata tsakiyar, na ce ta tafi da shi, shi kaɗai ne magana a ciki. Yarinyar ta riƙe zanena, sai da anka ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya. Yallaɓai ya raka su bakin mota, ya ce wa direba a kula da hanya yadda ya dace.

Ga yadda kowa ya ƙare. Na'urar ta koma shagon Kwalkwalawa da masu kallo sunka gaji, anka ɗauki wani yana bugawa, wata damina tsawa ta ƙone ta. Gangar jikinta na nan bayan gida kaji na ƙwai a ciki. Alhaji ya shiga siyasa da soja sunka sauka, ya samu kujerar wani kwamiti, ya mutu a kanta bisa ga tsari. Malamin ya yi ritaya ya koma ƙasarsu, ranar tafiya ya zo ya durƙusa ya ce Mama ki yafe, na ce ba kai ba ne. Surukata ta samu aikin buga rubutu a wata makarantar 'yan mata a Yawuri, ta yi aure, ta riƙe kanta, yanzu ita ke koya wa wasu. Namijin da ya tafi a goye ya girma yana kiran wata tsohuwa Inna; in ya zo nan gaishe ni yake kamar baƙo, kuma baƙon ne. Yarinyar ta dawo mini da girmanta don karatun jami'a, ga ta nan zaune tana rubuta wannan, haƙoran ubanta na nan, amma ƙuruciyarta wasu sunka gani, ba ni ba. Yallaɓai na nan da ransa, ya tsufa har ya kusa kamo ni. Kullum da safe yana zuwa ya tsuguna nesa ya gaishe ni, ni kuma in amsa wa akuya. Shuɗin littafinsa na cikin jakarsa, an ce yana shirin yi masa gyara na uku.

Nan na sauke ta. Wanda ya ji ya ji, kuma ba ya buƙatar kwamiti.